Mai Iyaka ko Marar Iyaka: Lissafin Teburin Foka

A bakin ƙofar manyan ɗakunan foka na Las Vegas akwai allo mai haske da ke nuna wasannin da ake bugawa da sunayen masu jiran kujera. A wani layi an rubuta 4/8, a wani kuma 1/2 ko 1/3. Baƙo in ya dubi lambobin nan sai ya ɗauka na biyun ya fi araha, tunda dala 1 da dala 2 ba su kai 4 da 8 ba. Tun bai zauna ba ya tafka kuskure. Teburin 4/8 na wasa mai iyaka ne, inda doka ta yanke abin da mutum zai zuba a kowane zagaye. Na 1/2 kuwa marar iyaka ne. Dala 1 da 2 ɗin nan kuɗin buɗe wasa ne kawai. Da zarar an raba kati, duk abin da ke gaban mutum yana iya tafiya a lokaci guda.

Yawancin matasan Kano, Katsina ko Maraɗi ba su taɓa taka Las Vegas ba, amma Las Vegas ta iske su har kan katifa. A YouTube da TikTok ana ta yawo da gajerun bidiyo na wasu samari masu baƙin tabarau, fuska a murtuke, suna tura tulin kwabban wasa tsakiyar tebur, jama'a na ihu. Waɗanda suka fita karatu Ingila ko arewacin tsibirin Cyprus kuwa, gidan cacar ma a kan hanyarsu ta zuwa makaranta yake. Sai ka ji saurayi yana bayani da ƙwarin gwiwa cewa shi mai iyaka zai fara, wai don kada ya yi asara mai yawa, abokinsa kuma yana cewa ai kuɗin yana wajen marar iyaka. Bambancin da suke gardama a kai na gaske ne, kuma ya kamata a san shi da kyau, domin sai an san shi ake gane inda kuɗin kowannensu zai ƙare.

Wasan da aka fi bugawa shi ne Texas Hold'em. Kati 52 ne. Ana ba kowa biyu a kife, sannan a buɗe biyar a tsakiya na kowa da kowa: uku a tare, sai ɗaya, sai ɗaya. Zagayen zubi huɗu ne. In layi ya zo kan mutum, ko dai ya bi ta hanyar biyan abin da na gabansa ya zuba, ko ya ƙara a kai, ko ya jefar da katinsa ya haƙura da abin da ya riga ya sa. Wanda ya haɗa biyar mafi ƙarfi, ko wanda kowa ya gudu ya bar masa, shi ke kwashe tulin.

A teburin 4/8, zagaye biyun farko dala huɗu-huɗu ake zubawa, biyun ƙarshe takwas-takwas. Mai son ƙari daidai wannan adadin zai ƙara, ba sama ba ƙasa, kuma gidaje da yawa ƙari uku suka yarda a zagaye ɗaya, daga nan an rufe. In kowa ya zafafa tun daga farko har ƙarshe, lissafin ya zama 16 da 16 da 32 da 32, wato dala 96 a rabon kati ɗaya, kuma da wuya a kai nan. (Wasu gidajen suna cire wannan rufin in mutum biyu kaɗai suka rage, abin da sabon shiga ba ya sani sai ya faɗa ciki.) Wannan tabbacin shi ke kwantar wa mutane hankali. Shi ne kuma ke sa ba wanda ke gudu.

A ɗauka mutum yana riƙe da kati biyu 'yan dangi ɗaya, a tsakiya akwai wasu biyun irinsu, saura kati ɗaya a buɗe. Kowane dangi kati 13 ne, ya ga huɗu, saura 9 cikin 46 da bai gani ba. Kusan sau 1 cikin 5 ke nan zai dace. In tulin ya kai dala 56, ana neman dala 8 kacal daga gare shi, lissafi ma cewa zai yi ya bi, domin abin da zai ci ya ninka abin da zai sa sau bakwai. Haka kowa a teburin ke da dalilinsa na bi. Shi ya sa a ƙananan tebura masu iyaka ake ganin mutum biyar ko shida sun nace har katin ƙarshe, mai riƙe da mafi kyawun kati tun farko yana kallo wani ya ɗauke tulin da katin da bai kamata ma ya shiga da shi ba. Gwaninta a nan ta tsimi ce: a ceci dala 8 a wannan rabon, a tatsi ƙarin dala 8 a wancan, awa bayan awa, ba tare da gajiya ko fushi ba.

Nawa gwanin ke samu? Ma'aunin da masu koyar da wasan suka daɗe suna bayarwa shi ne babban zubi ɗaya a awa. A teburin 4/8, dala 8 ke nan. Mafi ƙarancin albashin da dokar tarayyar Amurka ta yanke tun 2009 dala 7.25 ne a awa. Wato mutumin da ya ƙone shekaru yana nazarin wasan, in komai ya tafi daidai, ya yi kunnen doki da mai wanke kwanuka a gidan abinci, sai dai shi mai wanke kwanukan ba ya komawa gida da gibin dala 300 a daren da abin ya ƙi. Kuma kafin gwanin ya zauna, ana ba shi shawarar ya ware jarin da ya kai babban zubi 300, dala 2,400, kuɗin da ba na haya ba, ba na makaranta ba, don ya iya jure makonnin da kati zai juya masa baya.

Teburin marar iyaka wata duniya ce. A 1/2 yawanci da dala 100 zuwa 300 ake zama, kuma doka ɗaya ce ke kare mutum: ba za a ci abin da bai ɗora a kan tebur ba. Amma abin da ya ɗora, kowane lokaci wani na iya cewa ya tura duka, ko a bi shi ko a gudu. Mai neman cikon dangin nan da ya bi da dala 8 cikin kwanciyar hankali, a nan za a iya neman dala 60 ko 150 a hannunsa, lissafin ya juye. A nan burga ke aiki, a nan ake karanta fuska da rawar hannu da yadda mutum ya haɗiye yawu. A nan ne kuma ƙwararre ke yashe sabon shiga cikin mintuna, domin kuskure ɗaya ya isa.

Ko ba kuskure ma ana yashe mutum. Kati biyu mafi ƙarfi da za a iya ba ɗan wasa su ne biyu masu harafin A, kuma sau 1 cikin rabo 221 suke zuwa. A teburin da ake raba kati da hannu, wajen sau 30 ake rabawa a awa, don haka a matsakaici sai an yi zaman sama da awa bakwai kafin a gan su. A ce saurayi ya yi wannan haƙurin, ya ɗaga gefen katinsa da babban yatsa ya gan su, zuciyarsa ta buga. Ya tura dala 200 ɗinsa, wani mai sarakuna biyu ya bi shi. Ya yi daidai ta kowace fuska: kashi 82 cikin 100 nasa ne. Mai raba kati ya ƙwanƙwasa tebur, ya buɗe uku, ba komai. Ya buɗe na huɗu, ba komai. Na biyar ya fito sarki. Hannu biyu mai rabon zai sa ya tura tulin wancan gefen, ya tattara kati, ya soma sabon rabo, ba wanda zai ko ɗago kai. Kusan sau 1 cikin 5 haka take faruwa.

Abin da ke biyo baya ya fi rabon kansa muhimmanci. Saurayin ba tashi zai yi ba. Yana ganin zalunci aka yi masa, kuɗinsa ne ke gaban wancan mutumin, ga na'urar cire kuɗi nan taku kaɗan daga ɗakin. "Bari in fanshe kawai in tafi." Daga wannan maganar wasan da yake bugawa ya canza: yana shiga da katin da da safe zai jefar, yana burga inda ba mai tsorata, idonsa ya rufe. Tsofaffin 'yan wasa sun san wannan yanayin sarai, jiransa ma suke yi. Shi ya sa ma'aunin jarin da ake ba mai son zama a marar iyaka ya kai kuɗin zama 20 zuwa 30, wato dala 4,000 zuwa 6,000 ga mai zama da 200. Wanda ya shigo da kuɗin zama ɗaya ko biyu, ko da ya fi kowa iyawa, sa'a yake nema.

Mai iyaka randa ce mai yoyo, marar iyaka kuwa tulu ne da ya suɓuce daga ka. Ruwan dai ƙasa zai sha.

Yoyon yana da suna, kuma shi ne abin da bidiyon waya ba sa nunawa: la'ada. A foka gidan caca ba ya wasa da kowa, bai damu da wanda ya ci ba. Daga kowane tuli mai raba kati yana zare kashi 10 cikin 100, har zuwa dala 4 ko 5, a wasu wuraren fiye, ya zura a wani rami da ke gefen damansa. Gidaje da yawa suna ƙara zare dala 1 ko 2 don asusun garaɓasa, sannan al'ada ce wanda ya ci ya miƙa wa mai rabon dala 1 tukuici. Ba kowane tuli ke kai wa rufin ba, don haka a ce a matsakaici dala 4 ke barin tebur a kowane rabo. Sau 30 a awa, dala 120 ke nan. In mutum 9 suka zauna da dala 200 kowanne, jimilla 1,800, ba wanda ya ƙaro ko sisi, cikin awa 15 ramin nan ya shanye kuɗin teburin kakaf. A kan kowane mutum, kimanin dala 13 ne a awa. Gwanin da ke son tsira da dala 8 ɗinsa sai ya ci abokan zamansa sama da dala 20 kowace awa, kuma daga aljihun wa za su fito in ba na sabon shiga ba?

A nan ne dabarar "fara da ƙarami mai iyaka" ke rushewa. La'ada ta fi cizo a ƙananan tebura, domin dala 4 daga tulin dala 40 babban gibi ne, alhali daga tulin dala 1,000 ba a ko jin ta. Kuma daga ɓangaren gidan, wasa mai iyaka yana da daɗin sha'ani: baƙo ba ya karyewa da wuri, kuɗi na ta zagayawa daga wannan zuwa wancan, kowane zagaye ana gutsura. Abin shan da ake kawowa kyauta da ɗan rangwamen abinci ga wanda ya daɗe a zaune, duk daga ramin nan aka biya su.

Har zuwa farkon shekarun 2000, yawancin wasannin yau da kullum a gidajen cacar Amurka masu iyaka ne. Marar iyaka an fi saninsa a babbar gasar duniya, World Series of Poker, wadda Benny Binion ya fara a gidan cacarsa na Horseshoe a 1970, kuma tun 1972 kuɗin shiga babban wasanta dala 10,000 ne. Shekarar 2003 ce ta juya komai. An yawaita sa ƙaramar kyamara a gefen tebur tana nuna wa masu kallon talabijin katin da kowa ya ɓoye. A shekarar ne kuma wani akanta ɗan shekara 27 daga jihar Tennessee, Chris Moneymaker, ya samu kujera a babban wasan ta hanyar ƙaramar gasar intanet a PokerStars, ya doke mutum 838, ya tafi da dala miliyan 2.5. Tashar ESPN ta yi ta maimaita burgar da ya yi wa ƙwararre Sam Farha, inda ya tura duka ba shi da komai, Farha ya jefar da katin da ya fi nasa. Kowane matashi da ya kalla ya ga kansa a kujerar. A 2004 masu shiga suka zama 2,576, a 2005 suka kai 5,619, a 2006 kuwa 8,773. Teburan mai iyaka suka yi ta raguwa, na marar iyaka suka cika ɗakuna.

Duniya ta san Jamie Gold ya ci dala miliyan 12 a 2006. Mutum 873 ne suka samu wani abu a gasar. Sauran 7,900 kowannensu ya bar dala 10,000 ya kama hanyar filin jirgi, ba kyamarar da ta raka shi. Talabijin kuma tana yanke awannin zaman banza: ƙwararre a cikakken tebur yana jefar da kusan 8 cikin kowane rabo 10 tun kafin a buɗe kati ɗaya a tsakiya.

Wanda ke ganin kalmar iyaka garkuwa ce, labarin Andy Beal ya ishe shi. Beal mai banki ne a Dallas, biloniya, mutum mai kaifin lissafi har akwai wata matsalar lissafi da ke ɗauke da sunansa, wadda ya sa ladan dala miliyan 1 ga wanda ya warware ta. Daga 2001 ya riƙa zuwa otal ɗin Bellagio yana ƙalubalantar manyan ƙwararrun duniya, mutum da mutum, kuma wasa mai iyaka ya zaɓa. Dabararsa ita ce ya ɗaga iyakar har ta kai inda hannunsu zai yi rawa. Su Doyle Brunson, Chip Reese, Jennifer Harman da Ted Forrest sai da suka haɗa jari wuri ɗaya kafin su iya tunkararsa. Zubin ya kai dala 100,000 da 200,000. A Mayun 2004 ya cinye su dala miliyan 11.7 a zama ɗaya. A Fabrairun 2006, a otal ɗin Wynn, ya share jarinsu na dala miliyan 10, suka sake haɗo wani, suka turo masa Phil Ivey. Cikin kwana uku Ivey ya karɓe dala miliyan 16.6. Ba a karya dokar iyaka ko sau ɗaya ba a duk wannan. Doka ta ƙayyade girman zubi, ba ta ƙayyade sau nawa mutum zai zuba ko awa nawa zai zauna ba. Beal yana da banki a bayansa, ya koma ofis ya ci gaba da harkokinsa.

Stu Ungar ba shi da banki, baiwa ce da shi. Masana wasan da yawa suna ganin ba a taɓa yin ɗan marar iyaka kamarsa ba. Ɗan New York ne, ɗan siriri, mai ƙwaƙwalwar da ba ta manta kati. Ya lashe babbar gasar a 1980, ya sake a 1981. Abin da ya ci a teburin kati kuwa, tseren dawaki da cacar wasanni da hodar ibilis suka riƙa kwashewa. A 1997 ba shi da ko kuɗin shiga, sai da abokinsa Billy Baxter ya biya masa dala 10,000 ana gab da rufe rajista. Ya lashe a karo na uku, dala miliyan 1, suka raba biyu. Cikin 'yan watanni rabonsa ya ƙare. Ranar 22 ga Nuwamban 1998 aka tsinci gawarsa a wani ƙaramin masauki mai suna Oasis a Las Vegas, yana da shekara 45, da kimanin dala 800 a jikinsa. Karo-karo abokansa suka yi aka binne shi.

Archie Karas, ɗan asalin Girka, ya shiga Las Vegas a ƙarshen 1992 da dala 50. Ya ranci dala 10,000, ya fara da wasa mai iyaka, ya bi ta kan manyan ƙwararru har da Ungar ɗin, ya koma teburin ɗan lido, zuwa farkon 1995 ana lissafa masa dala miliyan 40. A cikin shekarar ya mayar da su duka, mafi yawa cikin makonni kaɗan. A 2013 aka kama shi yana yi wa kati alama a wani gidan caca a Kalifoniya, daga baya jihar Nevada ta sa sunansa cikin waɗanda aka haramta wa shiga gidajen cacarta. Waɗannan fa su ne waɗanda suka ci.

Matashin da zai buga a waya yana da wata matsalar da su Ungar ba su sani ba. A Janairun 2015 masu bincike a Jami'ar Alberta ta Kanada, ƙarƙashin Michael Bowling, suka sanar a mujallar Science cewa manhajarsu Cepheus ta warware wasan mai iyaka na mutum biyu, ta yadda ko mutum zai ƙare rayuwarsa yana buga ta ba zai nuna ya fi ta ba. Aka ce to marar iyaka ya fi ƙarfin inji, saboda burga da yawan zaɓi. Shekara biyu kacal maganar ta yi. A Janairun 2017, a gidan caca na Rivers da ke Pittsburgh, manhajar Libratus ta Jami'ar Carnegie Mellon ta buga rabo 120,000 cikin kwana 20 da ƙwararru huɗu, ta tashi da rinjayen sama da dala miliyan 1.7 na kwabban wasa. A 2019 ƙanwarta Pluribus ta yi nasara a tebur mai mutum shida. Yau manhajojin nazarin wasan na sayarwa ne ga duk mai so, kuma kamfanonin fokar intanet da kansu suna ta rufe asusun da suka kama suna amfani da inji. Wanda ke kwance a ɗaki a Zariya da tsakar dare ba shi da hanyar sanin ko hoton da ke fuskantarsa mutum ne.

Ko ya ci ma, sai kuɗin sun fito. Ranar 15 ga Afrilun 2011 hukumomin Amurka suka rufe manyan shafukan foka uku. Da aka buɗe littattafan ɗaya daga cikinsu, Full Tilt Poker, wanda fitattun 'yan wasa ke tallatawa, sai aka tarar ana bin sa kimanin dala miliyan 390 na 'yan wasa, abin da ke asusunsa bai wuce miliyan 60 ba. Amurkawa, da kotunansu da lauyoyinsu, sai 2014 aka soma biyansu.

Akwai hujjar da samari ke kawowa in an yi musu maganar addini: wai foka ba caca ba ce, wasan basira ne kamar dara. Gaskiya akwai basira a ciki, in ba haka ba da ba a samu Ivey ba. Amma a dara ba a kife wani abu a ce dukiyar mutum ta rataya a kan abin da zai fito, kuma saurayin nan mai kashi 82 ya ga iyakar basira da idonsa. Alƙur'ani, a Suratul Baƙara aya ta 219 da Suratul Ma'ida aya ta 90 da 91, ya jera caca tare da giya, ya kuma ambaci gaba da ƙiyayya da shagala daga salla a matsayin abin da suke haifarwa. Ba a ware mai iyaka ba. Abin lura shi ne likitocin ƙwaƙwalwa ma can suka ɓullo: a 2013 ƙungiyar likitocin taɓin hankali ta Amurka ta mayar da jarabar caca rukuni ɗaya da jarabar giya da ƙwaya, Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma ta lissafa ta cikin cututtuka. Basirar da ake taƙama da ita kuwa, ga sabon shiga, makami ce a hannun abokin karawarsa. Kafin ya koya sai ya biya kuɗin makaranta mai tsada, a teburin da malamansa ba su da niyyar ya gama.

A 2024 Hukumar Hisbah ta Kano ta bi shagunan cacar ƙwallo tana rufewa. Shago ana iya sa masa kwaɗo. Wayar da ke aljihu kuwa sai mai ita. Saboda haka matashin da ya riga ya tsunduma, shi ya san alamun a jikinsa tun kafin kowa ya gani: yana ƙara zubi don ya ji abin da yake ji a da, yana komawa don ya fanshe, yana ƙarya a kan inda kuɗin makaranta ko jarin shago suka shiga, yana cin bashin manhajojin rance ya biya wani bashin. Sauya tebur daga marar iyaka zuwa mai iyaka ba ya taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan, tsawaita su kawai yake yi. Abin da ke aiki ba shi da armashi: ya zauna da yayansa ko mahaifiyarsa ko malaminsa ya faɗi ainihin adadin bashin, ba rabinsa ba, ya miƙa katin bankinsa ga wani na wasu watanni, ya goge manhajar ya kuma fita daga zaurukan WhatsApp da Telegram inda ake turo hotunan waɗanda suka ci, ya daina lissafin abin da ya tafi a matsayin kuɗin da ke jiransa a wani tebur.

Ɗaliban da ke Ingila suna da ƙarin hanya. Tun Afrilun 2020 an hana caca da katin bashi a can, bankuna da yawa suna da maɓallin da ke toshe biyan kuɗi ga kamfanonin caca, sannan akwai tsarin GAMSTOP, wanda ya fara aiki a 2018, inda mutum ke rajistar sunansa kyauta a hana shi shiga duk shafukan caca masu lasisin ƙasar na wata shida, shekara ɗaya ko shekara biyar. Waɗanda suka tsara shi sun san halin mai cewa bari ya fanshe, shi ya sa ba a soke rajistar kafin wa'adin ya cika, ko da mutum ya bugo waya washegari yana magiya.